Na Girme Shi a Lauyanci, Amma Shi Ake Ba Manyan Shari'o'i

Tambaya:

Assalamu alaikum, Kawu. Ni lauya ne, na yi digirina a Jami'ar Bayero, na yi makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, shekarata huɗu ke nan da zama lauya. Ina aiki a wani ofishin lauyoyi a ƙasar Hadejia, kusa da garinmu. Mu uku ne a ƙarƙashin Oga. Matsalata da wani abokin aikina ce, wanda na girme shi da shekara guda a aiki. Tun da ya zo komai ya canja. Duk shari'ar da ke Babbar Kotu, ko aikin banki, ko rubuta yarjejeniyar 'yan kwangila, shi ake miƙa wa. In Oga zai tafi Dutse ko Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kano, shi ne a gaban mota riƙe da jaka. Ni kuwa kullum ina hanyar Auyo, Kafin Hausa, Guri, Birniwa, kan rigimar gona da rabon gado da kashe aure, wani lokacin in yi doguwar tafiya don kawai in karɓo ranar da aka ɗage zama. Kwanakin baya na kwana ina rubuta takardar hujjoji, na ba shi ya duba mini, sai ga shi ya kai wa Oga kamar shi ya yi, aka yaba masa a gabana. Albashina bai taka kara ya karya ba, ga 'yan uwa suna ganin ai barista ya samu, ga aurena an sa bayan kaka. Mahaifiyata ta ce yaron nan ba haka ya bar Oga ba, in tashi in nemi taimako. Yanzu kuma wani dillalin shinkafa da ofishinmu ke yi wa aiki ya ce in riƙa yi masa wasu ayyukan a gefe ba da sanin Oga ba, zai riƙa sallamata. Zuciyata ta fara raya mini in karɓa. In karɓa ɗin? In tunkari Oga? Ko in tattara nawa-ya-nawa in bar musu ofishin?

Ƙaramin lauya, daga Jigawa

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya sanya alheri a auren, ya nuna mana lokacin lafiya.

Da maganar dillalin shinkafa zan fara, don a cikin duk abin da ka zayyano ita kaɗai ce za ta iya kashe maka sana'a. Kada ka karɓa. Mutumin nan araha ya hango. Ya lura kana cikin matsi, ya san aikin da Oga zai ce naira ɗari kai za ka yi shi a ashirin, har ka bi shi da godiya. Ranar da kuka saɓa kuwa, ko takardar da ka rubuta masa ta jawo rigima, shi da bakinsa zai kai zancen gaban Oga. Ka kuma tuna duk takardar da ka sa wa hannu sai ka manna mata hatiminka na Ƙungiyar Lauyoyi, mai ɗauke da sunanka da lambarka. Ta ina za ta ɓoyu? Ƙa'idojin ɗa'ar lauyoyi da aka sabunta a 2023, da kwamitin ladabtarwa mai ikon dakatar da mutum ko cire sunansa daga rajista, ba sai na karanta maka su ba. Tun kafin magana ta kai can ma, bakin mutane ya ishe ka. Lauyoyin da ke kai-komo tsakanin Hadejia da Gumel da Dutse ba su da yawan da wani zai ɓace a cikinsu. Da zarar an ce wane ne ya zagaye maigidansa ya janye masa mai shari'a, sunan ya bi ka ke nan, kuma zai riga ka isa duk ofishin da ka nufa.

Ba sai ka ɓata da shi ba. Ka ce masa: "Alhaji, na gode da ka ga na isa. Amma aikinka na ofishinmu ne. Ka kawo shi ta ƙofa, ka gaya wa Oga kana so ni in riƙe maka." In da gaske hannunka yake so, zai faɗa, kuma babu abin da ke ɗaga ƙaramin lauya a idon maigidansa kamar mai kuɗi ya shigo ya ambaci sunansa. In ya yi shiru, ka san abin da ya zo nema.

To, abokin aikinka. Ka ce ka girme shi da shekara guda, na kuma ga nan ne abin ya fi yi maka ciwo. Girma a lauyanci ba wasa ba ne. A kotu wanda ya riga wani zama lauya shi ke fara ambaton ƙararsa, masu muƙamin SAN, wato Babban Lauyan Najeriya, suna layin gaba, yaro ya jira ko da tun asuba ya zo. Amma wannan tsarin zauren kotu ne. A ofis babu Ogan da ke duba kalanda kafin ya miƙa fayil. Abin da ke ransa shi ne wa ya kawo aikin, wa zai ba hankalinsa ya kwanta, wa ke gabansa a lokacin.

Na ƙarshen nan shi ke cin ka ba ka sani ba. Ranar Talata da hantsi manajan banki ya bugo yana son takarda kafin azahar. Kai kana hanyar Guri, waya ma ba ta shiga. Shi yana zaune a teburinsa. Aka ba shi, ya yi. Mako ya zagayo bankin ya sake bugowa, Oga ya ce a ba wanda ya yi na farko tunda ya san kan zancen. Haka abin ke tafiya har ya yi kama da shiri, alhali ba wanda ya zauna ya ƙulla maka komai. Kai kuma da aka ga kana zuwa ƙauye kana dawowa ba ƙorafi, sai ƙauye ya zama naka.

Sannan ka tambayi kanka, kai kaɗai: 'yan kwangilar nan ta hannun wa suka shigo ofishin? In kawunsa ne ko surukin yayansa ya kawo su, ba zalunci ba ne a ba shi ya riƙe, haka ofishin lauya yake daga Legas har Birniwa. Oga na biyan haya, yana sayen man janareto, yana biyan sakatariya da direba, kuma ba gwamnati ke ba shi ba. In kuma ba shi ya kawo su ba, me yake yi da kai ba ka yi? Ya fi ka sauri a kwamfuta? Takardarsa na isa teburin Oga a tsabtace, ba sai an bi ta da jan biro ba? Yana ɗaga waya da dare? Ka ajiye haushin na mako guda ka kalle shi yana aiki.

Ban wanke shi ba. Abin da ya yi da takardarka rashin mutunci ne, ba shi da wani suna. Amma kada ka ɗauki maganar ka kai wa Oga a matsayin ƙara. Shi zai ce gyara mai yawa ya yi mata, Oga kuma zai ga yaransa biyu suna cacar baki a kan wa ya rubuta me, ya raina ku duka, ya fi raina wanda ya kawo ƙarar. Shi za ka samu, ku biyu, bayan an tashi. Ka ce: "Barista, takardar nan ni na kwana a kanta, ka sani na sani. Ta wuce. Kada a sake." Ba ɗaga murya. Daga ranar, duk abin da ka rubuta ka tura wa Oga kai tsaye ta imel ko WhatsApp, da layi ɗaya: ga daftarin farko, na kuma ba wane ya duba. Kwanan wata da lokaci suna jiki, ba ka yanke hulɗa ba, ka kuma toshe ƙofar. Na ukunku kuwa kada ka ja shi gefe ku kafa ɓangare. Duk abin da ka faɗa da safe a ofis irin naku, Oga zai ji shi kafin la'asar.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki wasiƙarka. Yadda ka rubuta "rigimar gona da rabon gado da kashe aure", da ƙyar ka ɓoye ƙyamar. A nan babban kuskurenka yake. Ka yi mini kama da manomin da aka ba fadama, ya zauna a bakinta yana kukan an hana shi tudun da ke gefen titi.

Ka ƙirga da kanka. Rassan banki nawa ne a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Hadejia, kuma nawa ne daga ciki ke zaɓen lauyansu a nan, ba daga hedikwata ba? 'Yan kwangila kuwa da gwamnati suke tashi, da ita suke faɗuwa. Amma gona fa? Duk shekarar da kogin Hadejia ya yi ambaliya, kamar 2020 da 2022, ruwa na janyewa ya bar iyakoki sun ɓace a fadamun Auyo da Guri da Kiri Kasamma. Ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, inda jiya masunta ke jefa koma yau wani ya dasa shinkafa, makiyayi ya ce nan mashayarsa ce tun kaka da kakanni. Noman rani na shinkafa da alkama ya sa filin da a da ake ba da aronsa don Allah ya zama kuɗi masu nauyi, 'ya'yan wanda ya ba da aron kuma sun girma sun zo karɓa. Wannan aikin ba ya ƙarewa, masu iya shi kuma ba su da yawa.

Dalilin ƙarancinsu tsoho ne. Kafin tsarin mulkin 1979 ba a barin lauya ya tsaya a kotun alƙali, sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka buɗe ƙofar. Manyan lauyoyi da yawa sun taso suna ganin can ba wurinsu ba ne, suka gadar wa yaransu rainin. Wanda aka tura sai ya je da gangar jiki kawai, ya miƙe ya faɗi sunansa, ya karɓi rana, ya dawo. Kai kuwa daga Bayero ka fito, inda ake haɗa wa ɗalibi dokar Turawa da shari'ar Musulunci. Me ka yi da rabi na biyun?

Ga irin ƙarar da na tabbata tana cikin jakarka yanzu haka. Magidanci ya rasu ya bar yara ƙanana, ƙanensa ya riƙe gonar yana noma ta shekara ashirin da biyar. Yaran sun girma sun ce Baffa a ba mu gonar ubanmu, Baffa ya ce ai tawa ce, kowa ya san ni ke noma ta. Lauyan da ya zo karɓar rana, yana jin an ce hauzi, wato mallakar abu ta hanyar daɗewa ana riƙe da shi ba wanda ya yi jayayya, zai yi zuru. Wanda ya zauna da littattafan fiƙihu irin su Tuhfa da Mukhtasar ya san cewa a mazhabar Malikiyya shekara goma ta hauzi tsakanin bare da bare ce, tsakanin dangi kuwa sai arba'in. Ya san abin da ya shiga hannun mutum ta aro ko jingina ko amana, daɗewa ba ta mayar da shi nasa. Don haka ba zai ɓata lokaci kan shekarun da Baffa ya yi yana noma ba, zai matsa wa shaidu ne su faɗi yadda gonar ta shiga hannunsa. Ya san in alƙali ya yanke hukunci ba tare da i'izari ba, bai tambayi ɓangarorin ko suna da sauran magana ba, hukuncin na iya rushewa a sama. Abin da ya fi duka, ya san inda zai kai ƙarar in an ɗaukaka. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. In rigimar ta mallakar fili ce zalla, wane ya sayar wane ya saya, ba gado a ciki, Babbar Kotu ce hanyarta. Talakawa nawa ne suka sayar da awaki da tumaki, suka yi shekaru suna shari'a, aka je kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya aka ce wadda ta saurari ɗaukakarsu ba ta da hurumi, a koma baya? Lauyan da ya tsare wa mutum wannan asarar, har matan cikin kulle na ƙauyen za su san sunansa.

Ta nan kuma hanyarka ta zuwa manyan kotunan da kake hange ta biyo. Ƙarar da ta fara a ƙaramar kotun shari'a tana iya hawa babbar kotun shari'a, ta wuce Dutse, ta kai Kano. Gaskiya ne, in burinka SAN ne bayan shekara goman da ake buƙata, hukuncin manyan kotuna ake ƙirgawa, ba na kotun alƙali ba. To ai wadda ta kai Kano tana cikin lissafi. Abokin aikinka jakar Oga yake shiga da ita. Kai kana iya shiga da ƙarar da ka ɗauko tun daga tushe, ka san fuskar kowane shaida, ka taka gonar da ƙafarka.

Ba shari'a kaɗai ba. Yawancin cinikin gona a wajenku a fallen littafin makaranta ake rubuta shi, gaban mai unguwa, a dangwala yatsa, iyaka kuwa "gabas gonar wane". Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gargajiya a kan filin noma da ke wajen birni. Manoma nawa ne suka sani? Ƙungiyoyin manoman shinkafa na ƙulla ciniki da masu injin casa da baki kawai. Dillalan riɗi da zoɓo masu cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ka tambaye su ko sun san dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya tak ya yi rajistar ƙaramin kamfani. Duk wannan aikin tebur ne, irin wanda kake kishin an ba wani, kuma a kan hanyar da kake bi kullum yake. Sai dai in ja kunnenka: kada ka ba ɗan sanda ko ma'aikacin kotu ko ɗan kamasho ko sisi don ya turo maka mutane, ƙa'idar sana'a ta hana. Ka gaida dagaci, ka zauna a zaurensa, in an tambaye ka ka amsa da Hausar da za a gane. Ya isa.

Amma duk wannan Oga ba zai gani ba sai ka nuna masa. Na san yadda ake dawowa daga kotun ƙauye. An sha rana, an sha ƙura, a leƙa a ce "Yallaɓai, an ɗage zuwa 14 ga wata," a jefa fayil kan tebur. Wanda ya yi haka kallon masinja za a yi masa. Daga gobe, kowane fayil ka dawo da shi da shafi guda manne a ciki: wa ya zo wa bai zo ba, me shaida ya faɗa da bai faɗa a ofis ba, ina alƙali ya karkata, me ya kamata a yi kafin zama na gaba, sai ra'ayinka a layi biyu, a nemi sulhu ko a ci gaba. In akwai roƙon da za a shigar, ka haɗo da daftarinsa kafin a tambaye ka. Ka daure a kan haka, za ka ji Oga ya fara cewa "Barista, ya kake gani?" Tafiyar banza kuma ka rage ta. Ka riƙe lambar rajistaran kowace kotu, ka buga da yamma ka ji ko alƙali zai zauna. Ka roƙi a haɗa maka ranakun ƙararrakin da ke hanya ɗaya. In ɗagewa ce kawai, da izinin Oga ka nemi lauyan da ke da ƙara a can ya riƙe maka, kai ma ka riƙe masa wata rana. Ranakun da ka tsira da su ka zauna a ofis, a gan ka.

Sai ka yi wannan na ɗan lokaci sannan ka nemi ganin Oga. Ba ranar Litinin da safe ba, ba gaban kowa ba, ba kuma ranar da aka kayar da shi a kotu ba. Lokacin hutun manyan kotuna, wajen Agusta, ya fi, ko wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sunan abokin aikinka kada ya fito daga bakinka ko sau ɗaya. Ka ce: "Yallaɓai, 'yan shekarun nan da na yi a gabanka na koyi abin da makaranta ba ta koya mini ba. Alfarma nake nema. Duk ƙarar da na riƙe a ƙasa, in an ɗaukaka ta, a bar ni in bi ta har inda ta tsaya, kana duba ni. Sannan a ba ni ƙara ɗaya a Babbar Kotu, ko ƙarama ce, in ɗauke ta daga shigarwa har hukunci." Abu ne da zai iya cewa to nan take, bai rage shi da komai ba, bai kuma sa shi ya ƙwace daga hannun wani ba. In ka je da "ana yi mini rashin adalci", ka sa shi kare kansa, lauya kuwa in ya fara kare kansa ya daina sauraro.

Kuɗi ka bar shi a ƙarshen zaman, a taƙaice. Kada ka dogara da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ka nemi a riƙa ba ka kuɗin mota kafin ka fita, ba ka ci bashin ɗan acaɓa ka dawo kana bin sakatariya ba. Ku kuma yanke kason da za a ba ka a duk aikin da kai ka kawo, tun kafin na farko ya shigo. Da dare ka tura masa saƙon godiya mai maimaita abin da aka amince, ya zauna a rubuce ba tare da ka ce a rubuta ba.

Maganar Hajiya kuwa, uwa ce, ta ga ɗanta yana ramewa, dole ta nemi dalili. Ka karɓi addu'arta hannu bibbiyu, ka riƙe azkar ɗinka na safe da yamma. Amma kada zancen asiri ya zauna maka a rai. Ranar da ka yarda an yi wa Oga wani abu, ka daina neman abin da za ka gyara ke nan, ka koma ƙin shan ruwan ofis da leƙen ƙarƙashin kujera, kuɗin lefe kuma ya tafi gidan boka. Surukanka su san abin da kake samu tun yanzu, daga bakin waliyyinka, kada kwat da baƙin takalmi su yi maka ƙarya.

Barin ofis bai taso ba tukuna, amma ban ce ka dawwama a wurin ba. Ka ba abin shekarar shari'a guda cur, daga buɗe kotuna zuwa hutu na gaba. In Oga ya ce to amma ba abin da ya canja, ko ka lura shi mutum ne mai jin daɗin ganin yaransa suna kokawa a gabansa don kada wani ya nemi ƙari, akwai irinsu kuwa, to ka fara duba gaba. Akwai Ma'aikatar Shari'a a Dutse, akwai kujerar majistare in an buɗe ɗauka. Tsarin mulki ma ya ce lauyan da ya shekara goma, in yana da shaidar ilimin shari'ar Musulunci, ya cancanci a naɗa shi Kadi, wato alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Kana iya buɗe naka, ɗaki guda kusa da kotu a Kafin Hausa ko Malam Madori. Sai dai kada fushi ya buɗe maka shi. Ka bari sai ka ƙirga masu zuwa nemanka da sunanka, ka ga za su iya ɗaukar haya da kuɗin lasisin da ake biya kafin ƙarshen Maris kowace shekara, ga kuma amarya a ɗaki. In ranar ta zo, ka sanar da Oga da wuri, ka miƙa kowane fayil da takarda a samansa mai nuna inda aka kwana da ranar zama na gaba, ka roƙe shi ya zo ya buɗe maka ofis da addu'a. Masu shari'ar ofishinsa kada ka kira ko ɗaya a waya. Ƙararrakin ƙauyen da za su yi masa nisa bayan ka tafi, shi da kansa zai riƙa turo maka su.